Dogo da Ƙarar Sifikun Surukinsa

Akwai wani mai gyaran wutar lantarki da kowa a layinsu ke kira Dogo, don shi ba ya neman tsani idan zai sauya ƙwan fitila, hannu kawai yake miƙawa. Mutum ne mai sanyin hali, maganarsa kaɗan, aikinsa kuma tsaf. Idan ya ja waya a bango sai ka rantse da ma'auni aka zana ta. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa ba ya iya ce wa babba ba haka ba ne.

Surukinsa, wato mahaifin matarsa Auta, wanda suke kira Baba, tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne. Shekara talatin da biyar ya yi a ɗakin ɗaukar sauti, da abin sauraro manne a kunnuwansa tun safe har yamma. A can aka laƙaba masa Mai Kunne, don an ce ko kujera ce ta motsa a bayan mai karanta labarai sai ya ji, ya sa a sake ɗauka. Ya yi ritaya ya ajiye aiki, amma bai ajiye halin ba. Idan ka ce ba ka ji abin da ya ji ba, kallon tausayi zai yi maka, ya ce Allah dai ya ba ka lafiya.

Da ya dawo gida sai ya mai da falonsa wurin sauraro. Manyan sifiku biyu masu kai wa mutum ƙugu, amfilifaya mai nauyi a cikin kabad mai ƙofar katako, garmaho da tulin fayafai. Ko matarsa, da kowa ke ce wa Mama, ba ta da izinin goge musu ƙura.

A daidai wannan lokacin Dogo yana jiran babban aiki na farko a rayuwarsa. Wani aminin Baba yana da makaranta, yana gina sabon bene mai aji goma sha biyu, kuma Baba ne da bakinsa ya ce a ba surukinsa aikin wayoyin ginin. Mai Makaranta ya amince, ana jira kawai a gama rufi. Shekara tara Dogo yana yawon gyaran soket da fanka gida-gida. Wannan aikin ne zai fitar da sunansa, kuma maganar Baba ce kaɗai ke riƙe da shi.

Ran nan da hantsi Baba ya aika a kira shi.

Ya same shi zaune a tsakiyar falo ya sha mur. Bayan gaisuwa Baba ya bayyana masa cewa wutar gidan ba ta da tsabta. Abu biyu ne ke damunsa. Na farko, duk lokacin da firizar Mama ta tashi sai sifikun su yi wani ƙwas a tsakiyar waƙa. Na biyu kuma wata siririyar ƙara ce, tsiii, da ke kwance a ƙarƙashin kowane sauti ba ta ɗagawa. Maganin kuwa ya riga ya sani: a ja wa kayan sautin layinsu na kansu, tun daga akwatin rarraba wuta har falo, kada su haɗa waya da firiza ko famfon ruwa ko dutsen guga.

Ya ɗora faifai. Ba a jima ba firiza ta tashi a kicin, sifiku suka yi ƙwas. Wannan kam Dogo ya ji da kunnensa, ya gyaɗa kai. Sai Baba ya ɗage allurar garmahon, ya bar amfilifaya a kunne, falon ya yi tsit. Ya ɗaga yatsa sama.

"To, ga ɗayan nan. Ka ji shi?"

Dogo ya kasa kunne. Ya ji wata mota tana wucewa can nesa, ya ji Mama tana wanke tukunya. Bayan wannan bai ji komai ba. Ga Baba ya zuba masa ido yana jira, ga kuma kallon tausayin nan ya fara taruwa a fuskarsa. Dogo ya ce, "Eh, Baba, akwai shi kaɗan-kaɗan."

Jama'a, a nan Dogo ya ɗaure kansa da kansa, kuma bai sani ba.

Kwana uku ya yi yana aikin, kuma ya yi shi bakin ƙoƙarinsa. Ya sa sabuwar bireka, wato makunnin da ke yanke wuta, a akwatin rarraba wuta, ta falo ita kaɗai. Ya sayo waya mai kauri, tagulla zalla, irin wadda ake ja wa na'urar sanyaya ɗaki. Ya sassaƙe bango tun daga baranda har falo, ya binne bututu, ya nesanta shi da sauran wayoyin gidan. Ya kafa soket huɗu a bayan kabad, ya shafe bangon da siminti ya goge. Mama ta sha ƙura har ta gode Allah.

Ranar gwaji aka ɗora faifai, aka ce Mama ta kashe firiza ta sake kunnawa. Ta yi sau uku, sifiku ba su ko yi tari ba. Dogo ya ji daɗi a ransa, ya fara tattara kayan aikinsa cikin jaka.

Baba ya ɗage allura ya rufe ido. Can ya ce ƙwas ɗin kam ya tafi, Allah ya yi albarka. Amma siririyar ƙarar tana nan, yanzu ma da aka kawar da ɗayar ta fi fitowa fili.

Dogo ya mai da jakarsa ƙasa. Da ma tun farko ya yi zaton ko ƙarar tana nan ne shi dai bai kama ta ba, sabon layi kuma zai tafi da ita ba tare da kowa ya san bai ji ba. Yanzu ga shi zai gyara abin da bai san kamarsa ba. Komawa baya ya ce bai taɓa ji ba kuwa, ai ya zama maƙaryaci a gaban surukinsa.

Sai ya ce ƙila wayar ƙasa ce. Ya haƙa rami a tsakar gida, daidai inda Mama ke shanya, ya kafa sandar tagulla, ya zuba gawayi da gishiri ya jiƙa da ruwa, ya haɗa da sabon layin. Baba ya saurara ya ce tana nan. Dogo ya cire duk ƙwayayen fitilar falon ya sa wasu. Tana nan. Ya bi gidan yana zare cajar waya ɗaya bayan ɗaya, ya sauya makunnin fanka, ya raba wayoyin sifiku da na wuta har ya ɗora su a kan 'yan katakai don kada su taɓa ƙasa. Duk da haka tana nan.

Daga nan Baba ya kafa doka. Muddin yana sauraro, a kashe firiza, a kashe fanka, a kashe famfo, kada a kunna talabijin. Mama kuwa ƙanƙara take sayarwa, don haka kullum da rana sai ta tsaya tana kallon sana'arta tana narkewa tana bin ƙasan kicin. Mutanen gida suka koma tafiya a kan yatsun ƙafa.

Abin da ya fi ɗaure wa Dogo kai shi ne bayanin da Baba ke ba shi kowace safiya. Wai idan fanka na juyawa ƙarar takan ɓuya. Idan ana ruwan sama ba ya jin ta sam. Idan ya fita kasuwa babu ita, amma da zarar ya dawo ya zauna a falo aka kashe komai, sai ta miƙe tsaye. Duk abin da Dogo ya koya a sana'arsa cewa yake yawan kaya a kan layi ke kawo ƙara, rage su kuma ke rage ta. Wannan ita kuwa ana rage kaya tana ƙaruwa. Ya juya abin ta kowane gefe, ya kasa gane gabansa da bayansa.

Ya ari na'urar gwaji mai allo wurin wani abokin sana'arsa, ya auna layin safe da rana da yamma. Wutar lafiya lau take. Ya ɗauko wata amfilifaya ya jona, Baba ya ce ita ma tana yi. Aka zargi mai walda na bayan gida, Baba ya je har shagonsa ya yi masa faɗa, mutumin ya rantse kwana biyar ke nan bai kunna inji ba saboda zazzaɓi. Aka zargi taransifomar unguwa, aka zargi dogon ƙarfen kamfanin waya da ke ƙarshen layi. Babu wanda ya tsira.

Da abin duniya ya ishi Dogo, sai ya tambayi matarsa ko ita tana jin ƙarar nan idan ta je gida. Auta ta kalle shi da mamaki ta ce wace irin tambaya ce wannan, Baba ya ce akwai ai akwai, mutumin da gidan rediyo guda ya dogara da kunnensa. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba, ita da kunnenta fa? Ta ce kamar dai tana ji, wani lokacin.

Ya tari Mama a bakin kicin tana matse tsumma ya yi mata tambayar. Ta waiga ta kalli ƙofar falo, ta ce ai kowa na ji, sannan ta ci gaba da goge ƙasa.

To, kowa na ji sai shi. Nan Dogo ya fara zargin kansa. Ya tuna shekarun da ya yi yana huda bango da inji ba tare da ya toshe kunne ba, ya ce shi ke nan, ya kashe kunnensa bai sani ba. Ya je shagon magani ya sayo na ɗigawa, kwana huɗu yana yawo da auduga. Har ya kai idan ya zauna shi kaɗai a shagonsa sai ya ga kamar ya fara jin wani tsiii, ya tashi da sauri ya kara kunne a mita, sai kuma ya ɓace. Mai gyaran wuta da ba ya jin kukan waya, ina amfaninsa? Tsoro ya kama shi sosai, har ya rame.

Baba kuma haƙurinsa ya fara ƙarewa. Sati uku an farfasa masa bango, an haƙe masa tsakar gida, ƙara tana nan. Wata rana a gaban Mama ya dubi Dogo ya ce, "Anya ka san aikin nan kuwa, ko dai sauya ƙwan fitila ne iyakarka?" Dogo ya yi ƙasa da kai, maganar ta soke shi har zuciya.

Bai tsaya nan ba. Duk inda Baba ya zauna da abokansa zancen ke nan, yaran yanzu ba su da kunne, ba su da hannu. Zance kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ranar Alhamis Mai Makaranta ya kira Dogo a waya, ya ce ya ji wata magana da ba ta yi masa daɗi ba. Gini ne da yara ɗari huɗu za su zauna a ciki, ba zai ba da wayoyinsa ga wanda layi ɗaya ya gagara ba. Zai zo gidan Mai Kunne ranar Asabar tare da wani injiniya ya duba aikin, abin da aka gani shi zai yanke magana.

Asabar da misalin ƙarfe goma suka iso. Injiniyan matashi ne mai ƙamshin turare, da jaka mai sheƙi da takalmin da bai taɓa shiga rami ba. Shi ma yana son aikin makarantar, kuma bai ɓoye ba. Tun a mota Mai Makaranta ya ba shi tarihin kunnen Baba, saboda haka ya shigo da ladabi yana ta rusunawa.

Kamar kullum, an riga an kashe firiza da fanka da famfo, fitila kuma ba a buƙatarta da rana. Baba ya kunna amfilifaya ya rufe kabad, ya fara ba su labarin wahalar da ya sha tun daga farko. Injiniya ya ce kafin komai yana son ya ga yadda aka ɗaure wayoyin a cikin akwatin rarraba wuta, Dogo ya je ya buɗe masa murfin. Dogo ya fita baranda. Shi kuwa a ƙa'idarsa ba ya kwance murfin akwati da wuta a ciki, don haka ya fara sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, sannan ya kwance kusoshin. Ya taɓa wayoyin da testa ya tabbatar babu wuta ko ɗigo. Ya koma falo don ya ce Injiniya ya fito.

Yana ɗaga labule ya tarar Baba ya gama labari, ya rufe ido, yatsansa a sama.

"Shiru," in ji Baba. "Kun ji ta ko? Yau ma ta fi ko yaushe ƙarfi."

Injiniya ya tashi ya durƙusa a gaban sifikar hagu, ya kara kunnensa, ya yamutsa fuska kamar mai ɗanɗana magani. Ya ce ai wannan a fili take, daga ta hagu ma ta fi fitowa. Wayar ce ba ta da kyau, kuma ja ɗin ma ba a yi shi bisa ilimi ba, sai an tone duka an sake. Mai Makaranta ma ya karkata kai, ya ce kamar shi ma ya ɗan ji.

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule. Babu wuta a gidan nan. Shi da hannunsa ya sauke ta, ya gwada ya gani. Sifikun nan a yanzu ba su da bambanci da akwatunan katako. Ya dubi Baba, idonsa a rufe, goshinsa a tattare, yana jin abin da yake ji da gaske, don Baba ba ya ƙarya a kan sauti. Sai komai ya warware wa Dogo a lokaci ɗaya: fankar da ke ɓoye ƙarar, ruwan saman da ke kashe ta, hayaniyar kasuwa, da shirun da ke tayar da ita. Ƙarar ba a waya take ba. A cikin kunnen Baba take.

Mai Makaranta ya juyo ya ce, "To, Dogo, ka ji abin da aka ce. Me za ka ce?"

Magana ɗaya ce tsakaninsa da aikin makarantar. Ya ce a buɗe kabad a dubi fitilar amfilifaya, shi ke nan, Injiniya ya sha kunya, sunansa ya wanku. Maganar ta zo har bakinsa. Amma ya san abin da zai biyo baya. Kafin la'asar labarin ya zagaye duk inda aka san Baba, cewa Mai Kunne ya zauna gaban matacciyar sifika yana jin ƙara, kuma a gaban amininsa da baƙon yaro aka gano. Tsohon nan ba shi da gidan haya, ba shi da mota, abin da ya fito da shi daga aiki ke nan, sunan nan ɗaya.

Dogo ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. A yi mini haƙuri."

Mai Makaranta ya girgiza kai, ya ce ba komai, Allah ya sa hakan ne mafi alheri, amma gaskiya zai duba wani wajen. Injiniya ya ce ba sai ya ga akwatin ba ma, abin da kunnensa ya ji ya wadatar. Baba ya raka su ƙofar gida yana ba amininsa haƙuri a kan ya kawo masa wanda bai isa ba. Dogo yana tsaye yana ji, idonsa ya kawo ruwa ya mai da shi.

Da Baba ya dawo zai wuce falo ko kallonsa bai yi ba. Dogo ya durƙusa ya ce yana roƙon alfarma ɗaya, Baba ya zo baranda ya ga wani abu. Da ƙyar ya biyo shi. Dogo ya nuna masa akwatin a buɗe, da babban makunnin a ƙasa. Baba ya yi aiki da na'urori shekara da shekaru, ba ya buƙatar a fassara masa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ku ce a yi shiru, Baba."

Baba ya koma falo da sauri, ya buɗe kabad, ya murɗa amfilifaya har ƙarshe. Babu fitila, babu motsi. Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya kasa kunne. Sannan a hankali ya ɗaga tafin hannuwansa ya toshe kunnuwansa biyu. Dogo yana kallon fuskarsa, ya ga lokacin da ƙarar ta ƙaru maimakon ta ragu. Tsohon ya nemi kujera ya zauna.

Dogo ya matso ya ce shi ma yana da laifin da zai faɗa. Tun ranar farko bai ji komai ba, kunya ce ta sa ya ce ya ji, kuma da ya faɗi gaskiya da ba a kai nan ba. Baba ya juya wajen kicin. Ya kira Mama, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ya tambaye ta tsakaninta da Allah ko ta taɓa jin ƙarar nan.

Ta ce, "Malam, ban taɓa ji ba ko sau ɗaya. Amma shekara arba'in, wa ya taɓa ce maka bai ji ba ya kwashe lafiya?"

Sannan Baba ya dubi Dogo ya ce, "Kana da abin da za ka wanke kanka a hannunka, ka tsaya na ci mutuncinka a gaban mutane." Dogo ya ce ai uba ne, ba komai. Baba ya ce da komai, ya umarci Dogo ya tashi ya tayar da babur ɗinsa ya kai shi wurin Mai Makaranta.

Dogo ya yi ta roƙonsa a kan ya bari, za a iya cewa an gano matsalar an gyara, ba sai kowa ya san mene ne ba. Baba ya ce ƙarya ɗaya ta farfasa masa bango, ba zai ƙara ta biyu ba. Haka Baba ya hau bayan babur ɗin, rana tsaka, suka nufi makarantar.

Sun sami Mai Makaranta da Injiniya a gaban sabon ginin, Injiniya yana nuna bango da biro, magina suna hutawa a inuwa. Dogo ya so a keɓe gefe, Baba ya ƙi. A nan gaban kowa ya faɗa wa amininsa cewa lokacin da suke falo babu wuta a gidan ko kaɗan, yaron nan ya sani ya yi shiru don ya rufa masa asiri. Ya ce layin da aka ja masa bai taɓa ganin aiki mai tsabtarsa ba, ko a gidan rediyo.

"Shekara talatin da biyar ina ce wa mutane kunnensu ne ba shi da kyau," in ji shi. "Yau na zo in gaya maka nawa ne ya lalace. Kada ka hana yaron nan aiki saboda ciwona."

Mai Makaranta ya juya ya dubi Injiniya, ya tambaye shi a hankali, to shi me ya ji a sifikar hagu? Injiniya ya shiga neman wani abu a cikin jakarsa da bai samu ba har ya kai bakin titi. Mai Makaranta ya yi dariyar kansa shi ma, don bai manta ya ce ya ɗan ji ba. Ya ce wa Dogo ya zo da kayan aikinsa ranar Litinin.

Satin da ya biyo baya Dogo ya kai Baba wurin likitan kunne. Likita ya ce shekarun da ya yi da abin sauraro ne suka gajiyar da jijiyar, ƙarar ba za ta tafi gaba ɗaya ba, sai dai a koyi zama da ita, kuma shiru ne ya fi tayar da ita. Suka kamo hanyar dawowa a kan babur har suka kusa gida. Sannan Baba ya dafa kafaɗar Dogo daga baya ya ce, "Daga yau idan na ce na ji abu, ka saurara da naka kunnen ka gaya mini gaskiya. Kai zan riƙa tambaya."

Darasi: Girman kan da ya hana mutane gaya maka gaskiya, kai zai fara cutarwa, don ranar da matsalar take jikinka kowa zai taya ka nemanta a bango. Kai kuma da ke ƙasa, kada kunya ta sa ka ce ka ji abin da ba ka ji ba, faɗi gaskiya da ladabi tun da wuri. Idan kuma asirin wani ya faɗo hannunka a gaban jama'a, ka rufa masa ka gaya masa a keɓe, ba za ka yi asara ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman wanda kuka daɗe kuna ce wa "eh, haka ne" alhali kun san ba haka ba ne.